Cinikin da ya haifi dokar lafiya ta Obama

Ranar 23 ga watan Maris na 2010 shugaba Barack Obama ya sa hannu ga dokar inshorar lafiya ta Amurka. Dokar da ta iso teburinsa ta rame ƙwarai in aka gwada ta da alkawarin da ya yi wa jama'a, kuma lissafi ne ya ramar da ita. A majalisar dattawa sai da ƙuri'a 60 cikin 100 ake rufe mahawara, ƴan Demokrat da ƙawayensu kuwa 60 ne cif. Kowane sanata ya gane shi ne cikon, sai ya tsuga wa kayansa kuɗi.

Joe Lieberman ya ce albarka sai an cire inshorar gwamnati, wadda aka so ta yi gogayya da kamfanoni masu zaman kansu don farashi ya sauka. Aka cire. Ben Nelson na Nebraska ya samu alkawarin gwamnatin tarayya za ta ɗauke wa jiharsa kuɗin faɗaɗa Medicaid, tsarin jinyar talakawa, har abada. Abin ya yi wari har aka soke shi daga baya, amma ƙuri'ar Nelson ta riga ta shiga: 60 da 39, ranar 24 ga Disamba na 2009. A majalisar wakilai, Bart Stupak da mutanensa ba su sallama ba sai da Obama ya yarda da ba da umarnin hana kuɗin gwamnati shiga zubar da ciki. Dokar ta wuce da 219 da 212.

Duk wannan ciniki cikin gida aka yi shi. Ƴan adawa ma an taya musu: sanata Max Baucus ya share watanni yana zama da ƴan Ripablikan uku, kuma tilasta wa kowa sayen inshora dabara ce da ɗansu Mitt Romney ya aiwatar a jihar Masacusas tun 2006. A zaɓen ƙarshe ko ƙuri'a guda ba su bayar ba.

Masu kiran wannan sulhu cin amana sun manta da Bill Clinton, wanda shirinsa ya mutu a 1994 ba tare da an kaɗa masa ƙuri'a ba, maganar ta kwanta shekara 15. Ramammiyar dokar Obama ta hana kamfani ƙin mutum don yana da tsohon ciwo, kuma marasa inshora sun ragu daga kimanin 16 cikin 100 a 2010 zuwa kimanin 9 a 2016. Da aka tashi rushe ta a Yulin 2017, ƙuri'ar John McCain, ɗan Ripablikan, na cikin 51 ɗin da suka cece ta.

Sai dai waɗanda suka biya la'adar ba su zauna wurin cinikin ba. Dokar ta jingina jinyar talaka ga jihohi, a 2012 kuma Kotun Ƙoli ta bar wa kowace jiha zaɓin faɗaɗa Medicaid ko ƙi. Har zuwa 2024 jihohi 10 sun ƙi, cikinsu da Tekzas da Fulorida. A can akwai ma'aikacin da samunsa ya yi wa Medicaid yawa, ya kuma kasa kai mizanin da ake ba da tallafin sayen inshora.