Tsohuwar Bindigar Kaka: Littafin Tarihi Ce, Kada Mu Sayar

Yau za mu leƙa ɗakunan kakanninmu a Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, inda a wasu gidajen maharba da na sarauta akan tarar da tsohuwar bindiga a rataye, tsatsa ta cinye ta.

Yawancin waɗannan bindigogi harba-ka-ruga ce, irin wadda 'yan bindiga ke bugawa a hawan sallah. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗuri. Amma akwai wata iri da Turawa suka zo da ita, wadda ita ma harsashi ɗaya take ɗauka, sai dai ta baya ake sa mata shi. Mafi shahara ita ce Martini-Henry, wadda sojojin Ingila suka fara riƙewa a 1871. Ta samo sunanta daga mutum biyu: Martini, ɗan Suwizalan da ya gyara makullinta, da Henry, ɗan Sikotilan da ya tsara cikin bututunta. Ƙwararren soja yakan yi harbi kusan 12 da ita a minti guda. Kafin mai harba-ka-ruga ya gama ɗuri ɗaya, an harbe shi sau da yawa.

Irin wannan tazara ta makamai, haɗe da igwa da bindiga mai ruwan harsashi ta Maxim, na cikin dalilan da suka sa Kanar Morland ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ta faɗi ranar 15 ga Maris. Kakanninmu ba jarumtaka suka rasa ba.

A yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna neman waɗannan bindigogi ruwa a jallo. Abin da suke dubawa shi ne tambarin jikinta: hoton kambin sarauta, haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya wadda ta rasu a 1901, sunan masana'antar Enfield, da shekarar ƙira. A 2003 wani kamfanin Amurka ya sayi dubun-dubatar tsofaffin bindigogi daga ƙasar Nepal, aka watsa su a kasuwannin duniya. Abin da ya fita ta wannan hanya da wuya ya komo gida.

To, mu mene ne namu? Na farko, kada mu taɓa, kada mu gwada harbawa. Wataƙila da ɗuri a ciki tun shekara da shekaru, kuma ƙarfen da ya tsufa yana iya fashewa a hannu. Na biyu, dokar Nijeriya ta hana riƙe bindiga ba lasisi, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Idan dillali ya zo da tayi, mu shawarci manya su sanar da mai unguwa ko dagaci. Na uku, kada a kankare ta don ta yi ƙyalli, domin tambarin ake gogewa.

Aikinmu na wannan mako: mu ɗauki littafi da biro mu zauna gaban kaka. Wa ya fara mallakar bindigar? Daga ina ta zo? Yaƙi aka je da ita ko farauta? Mu rubuta, mu kai wa malamin tarihi. Wanda ya samu zuwa Kano kuma ya ziyarci Gidan Makama ya ga yadda ake adana kayan da. Ƙarfe yana iya kai wasu shekaru ɗari, amma labarin yana bakin tsoho ne kawai, in ya tafi ya tafi da shi.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.