Zancen Gida: Kwaɗon Ɓarawo a Kan Kwamfuta

A wannan wata za mu yi zancen wani irin ɓarawo wanda ba ya ɗauke kome daga ɗaki. Ya kan shiga ne ya sa wa akwatunanka kwaɗonsa, ya tafi da mabuɗi, sa'an nan ya bar takarda cewa sai an biya fansa kafin ya buɗe. Haka muguwar manhajar nan ta neman fansa ta ke yi wa kwamfuta. Hotunan aure, takardun makarantar yara, lissafin shago, littafin kuɗin zumuntar mata, duk suna nan cikin na'ura, amma ko ɗaya ba ya buɗuwa.

Abin ba sabo ba ne. A 1989 wani Ba'amurke mai suna Joseph Popp ya aika wa mutane dubban faya-fayan kwamfuta ta gidan waya, da sunan bayani a kan ciwon ƙanjamau. Wanda ya sa faifan, daga baya sai a nemi ya aika da dala 189 zuwa Panama. Kwaɗon Popp ba shi da ƙarfi, masana suka buɗe shi ba da daɗewa ba. Na yau kuwa da lissafi mai zurfi a ke ƙulla shi, cinta ba ta buɗe shi ko an shekara dubu. Duk da haka akwai manhajojin buɗewa na kyauta, sun kuwa ceci mutane da yawa. To, ina su ke samun mabuɗi? Hanya uku ce.

Ta fari, hukuma ta ƙwace shi daga hannun ɓarayi. A 2022 'yan sandan ciki na Amurka, watau FBI, suka shiga na'urorin ƙungiyar Hive a ɓoye, suka raba mabuɗai fiye da 300 ga waɗanda a ke cikin cuta a lokacin, kafin su bayyana aikin a Janairu 2023. A Fabrairu 2024 kuma hukumomin Ingila da abokan aikinsu suka kama na'urorin ƙungiyar LockBit, suka sami mabuɗai fiye da 1,000.

Ta biyu, ɓarawo ya yi kuskure wajen ƙera kwaɗonsa. A Mayu 2017 manhajar WannaCry ta bazu cikin ƙasashe kamar 150, har ta tsai da aiki a asibitoci da yawa na Ingila. Sai masana a Faransa suka gane ta kan bar ɓurɓushin mabuɗi cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Suka yi manhajar WanaKiwi don tsinto shi. Amma fa sai a kwamfutar da ba a kashe ba tun da abin ya faru.

Ta uku, ɓarawo ya daina da kansa. A Mayu 2016 masu TeslaCrypt suka rufe sana'arsu, suka saki babban mabuɗinsu, kamfanin ESET kuwa ya yi manhajar buɗewa da shi.

An tara irin waɗannan manhajoji wuri ɗaya. A Yuli 2016 'yan sandan Holan, da hukumar 'yan sandan Turai ta Europol, da kamfanonin Kaspersky da McAfee suka kafa shirin No More Ransom. Adireshinsa a intanet shi ne nomoreransom.org, yana da manhajojin buɗewa fiye da 100, ba a biyan ko kwabo. A ciki akwai sashen Crypto Sheriff, inda za ka aika da ƙananan fayiloli biyu daga cikin waɗanda aka kulle, tare da kalmomin takardar fansa. Shi zai duba ko wane iri ne ya kama ka, da kuma ko an sami maganinsa.

Irin da ya fi addabar gidaje shi ne STOP Djvu. Ya kan shigo ta manhajar sata, irin wadda a ke saukewa don gudun biyan kuɗi, ko wasannin da yara ke ɗebowa. A da takardarsa ta kan nemi dala 980, ta ce za a rage zuwa 490 in an yi magana cikin sa'a 72. Wannan gaggawar tarko ce. A 2019 kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar buɗe shi, amma ba kowa ta ke yi wa aiki ba. In kwamfutar ta kasa saduwa da na'urar ɓarayin sa'ad da a ke kulle ta, da mabuɗin gama-gari a ke kulle ta, wanda mai yiwuwa an riga an same shi. In kuwa ta sadu da su, mabuɗin naka ne kai kaɗai, yana hannunsu.

Saboda haka, in abin ya same ka, ga shawara. Cire kwamfutar daga intanet nan da nan, ka zare duk ma'ajin da ke jone da ita. Kada ka share takardar fansa, kada ka sāke sunayen fayiloli. Kada kuma ka yarda mai gyara ya wanke na'urar kafin a kwafe fayilolin da aka kulle zuwa wani ma'aji dabam. A fara kawar da muguwar manhajar tukuna, in ba haka ba za ta sāke kulle abin da aka buɗe. In an ce babu magani yau, ajiye kwafin nan. Waɗanda suka ajiye nasu a zamanin TeslaCrypt sun sami kayansu, waɗanda suka share kuwa ba abin da mabuɗi ya yi musu.

A yi hankali da masu maganin ƙarya. A 2020 an ga wata manhaja mai suna Zorab tana shigar burtu, wai ita ce mai buɗe STOP Djvu, ashe kwaɗo na biyu ta ke ƙarawa. Biyan fansa ma ba tabbas ba ne. A Mayu 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kamar dala miliyan 4.4, amma manhajar da aka ba shi ta yi nauyin aiki ƙwarai, har ya dogara ga kwafin da ya ajiye da kansa.

Maigida da uwargida, rigakafi ya fi magani. Ku sami ma'aji na dabam, ku riƙa kwafe hotuna da takardu masu daraja kowane ƙarshen wata, ku zare shi ku sa a akwati. Ku kuma zauna da yara ku nuna musu abin da manhajar sata ke jawowa. Sai mun sadu a wata mai zuwa.