Zaren Bazara Dabam, Zaren Hunturu Dabam

Malamai da fatake da 'yan kasuwa masu duba wannan fili, ina roƙon ku saurare ni a kan wata magana wadda wani zai ce ta mata ce, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Ni kuwa na ga ta kai, gama zaren da mata su ke saƙa da shi daga rumfunan maza ya ke fitowa, kuma jikin 'ya'yanmu ne ke ɗaukar abin da aka saƙa.

A bazarar da ta wuce na halarci wani suna a unguwarmu. Watan Afrilu ne, sa'ad da zafin Kano ya kan kai digiri 40. Da aka miƙo jaririn ga wanzami, sai ga shi cikin rigar saƙa mai kauri, da hula da safa, duk na ulu. Wanzami ya cire hular, kai ya jiƙe sharkaf, wuya kuma ya yi ja da ƙurajen zafi. Kakarsa ce ta saƙa kayan da hannunta, don ƙauna. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da ta tarar a kasuwa shi ta saya, kuma ba wanda ya gaya mata akwai wani.

To, a nan gizo ke saƙar. Abin da mu ke kira ulu, mafi yawansa ba ulu ba ne. Ulu na ainihi gashin tumaki ne. Wannan kuwa da ke cike da rumfuna, mai arha, mai ƙyalli, akirilik ne, watau zaren roba da a ke sarrafawa daga man fetur. A Amurka aka fara sayar da shi a 1950 da sunan Orlon, domin ya tsaya a madadin gashin tumaki a ƙasashen sanyi. Aikinsa riƙe ɗumi. Ba ya shan gumi, sai kamar kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyinsa ya ke ɗauka na laimar iska, alhali auduga ta kan ɗauki wajen kashi 8. Saboda haka gumi ya kan tsaya tsakanin riga da fata, ya rasa mafita. A cikin hunturu wannan zare ya yi daidai, ban ƙi shi ba. Amma hunturunmu wata nawa ne? Uku, in ya daɗe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a ce ƙasar auduga ce ta ke neman a tuna mata amfanin auduga. Iyayenmu mata sun san gurza da shiɓa da kaɗi, sun san abawa mai kauri da siririn zare, kowane da muhallinsa. Masaƙa sun san luru da gwado na sanyi ne, fari da saƙi na kowane lokaci. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya ga tufafin da aka saƙa aka rina a nan ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Daga baya aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, ta ci kasuwarta, aka rufe ta a 2002. Mazari ya shige ƙarƙashin gado, masaƙun inji suka tsaya, sai aka wayi gari yarinya ta iya kwarashi da tsinken saƙa, amma ba ta san zare ba sai na roba. Auduga kuwa har yanzu ana noma ta a Funtuwa da Gusau da Malumfashi.

Kada a ce na ɓoye aibin abin da na ke yabo. Zaren auduga ba shi da taushin ja, ba ya miƙewa ya koma kamar ulu, don haka hannun mai saƙa ya kan gaji, kuma kuskure ba ya ɓuya a cikinsa. Yana da nauyi, in ya jiƙe aka rataye shi sai rigar ta zazzago ta yi tsawo. Ya kan kuma fi na roba tsada. Duk gaskiya ne, amma kowanne da maganinsa. A zaɓi siririn zare, a ɗauki tsinke mai ɗan kauri, kamar milimita 3 zuwa 4, domin saƙar ta fito sakwa-sakwa, iska ta ratsa. A yi ɗinkin 'yar shara, marar hannu, mai faɗin wuya, wadda ba ta kama jiki. Kafin a fara, a saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, a wanke, a ga iyakar shigarsa. In an wanke rigar, a shimfiɗa ta bisa tabarma a inuwa, kada a sa ta a igiya. Akwai kuma audugar da a ke jiƙawa da soda mai ƙarfi, dabarar da wani mutumin Ingila, John Mercer, ya gano a 1844. Irin wannan ta fi ƙarfi da sheƙi, ta fi kuma kama rini. Lilin ma ya yi, ya fi auduga sanyi a jiki, sai dai yana da tauri kafin ya sha wanki.

Yanzu sai ku, 'yan kasuwa. Mai zaren roba cinikinsa na wata uku ne, daga nan kaya su kwanta su sha ƙura, mata masu saƙa su ajiye tsinke har wata shekara. Da kun kawo siririn zaren auduga, da ciniki bai yanke ba, da kuma matar da ke cikin gida ta sami abin sayarwa a bazara da damina. Amma kafin riba akwai wajibi. Na sha jin ana ce wa mai saye "ulu ne zalla" ko "auduga ce tsantsa", alhali mai faɗar bai duba takardar da ke jikin ƙullin ba, wani ma ya duba ya yi shiru. Malamai sun fi ni sanin hukuncin wanda ya sayar da abu da sunan da ba nasa ba, ina fata za su riƙa ambatonsa a majalisai.

Wanda ya yi shakka, gwaji ba wuya. A tsinko zare kamar tsawon yatsa, a kai shi ga ashana a tsakar gida, nesa da kaya. Auduga ta kan ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Gashin tumaki ya kan yi ƙaurin babbaka, ya murƙushe in an matsa. Na roba kuwa narkewa ya ke yi, ya bar baƙin ƙulluto mai tauri. Mai rumfa ya gwada wa kansa kafin ya karɓi dila, mai gida kuma ya gwada kafin a fara saƙa wa jariri.