Sabon Irin Auduga da Halittun Daji

Ƙasar Funtua da Malumfashi ta daɗe da yin suna wajen noman auduga. Amma tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ta mai da manomi bawan feshi. Shi kuwa maganin feshi ba ya tambayar sunan wanda zai kashe. Yakan kashe tsutsa, ya haɗa da ƙudan zuma, da gizo-gizo, da zanzaro, waɗanda ke yi wa manomi aiki ba lada. Abin da ya saura ruwan sama ya kwashe shi zuwa fadama, kwaɗi da kifi su sha, fakara da zabin daji kuma su tsinci ƙwarin da suka mutu.

A shekarar 2018 Gwamnati ta yarda a shuka wani sabon irin auduga wanda aka gwada a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. A 2019 kuma aka fitar da wake mai suna SAMPEA 20-T. Masana sun ɗauko wani sinadari daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasa, suka sa shi cikin jinin irin, watau tsutsa ta ci ta mutu, ƙudan zuma kuwa ya sha furensa ya tashi lafiya. Feshi ya ragu ke nan, daji ya sami sauƙi.

To, akwai masu cewa kada a kusanci wannan iri ko kaɗan, wai rigakafi ya fi magani. Sai a tambaye su, wane rigakafi ne a bar guba tana zuba a fadama kowace damina? Wanda ya ƙi sabon abu saboda tsoro, alhali tsohon yana kisa a gabansa, bai yi hattara ba, ya rufe ido ne kawai.

Akwai kuma masu garaje, su ma ba su fi na farko ba. Ƙa'idar wannan iri ita ce a shuka 'yan kunyoyin auduga ta gargajiya a gefen gona, don tsutsar da ba ta saba da sinadarin ba ta rayu, ta yi barbara da wadda ta fara jurewa, ƙarfin zuriyar ya karye. Manoman Indiya sun fara shuka irin a 2002, da yawansu suka yi watsi da wannan ƙa'ida. Kafin 2015 jar tsutsa ta daina jin sinadarin, aka koma feshi. Burkina Faso kuma ta bar nata irin a 2016, gama zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa nasa ruwa.

Saboda haka wajibi ne manomi ya sayi iri inda aka amince, ya bar wa tsutsa kunyoyinta, ya kuma gaya wa malamin gona in ya ga ta ci ba ta mutu ba. Hukumar da aka kafa a 2015 don kula da irin waɗannan al'amura, nauyi ne a kanta ta riƙa aiko da masu dubawa gonakin Funtua da Malumfashi, a ƙidaya amya da tsuntsaye kowace shekara, a sanar da jama'a abin da aka gani da harshen da suke ji. Izinin da ba a bi shi da sa ido ba, ƙudan zuma da manomi ne za su biya kuɗinsa.