Daga Zagga, Jirgin Ƙasa Sai Dai Labari

Duk mutumin Zagga da ya ƙuduri yawon buɗe ido gari-gari cikin jirgi, to ya sani da mota zai fara. Jihar Kebbi, tun ƙirƙiro ta a 1991, ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga, ya tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929, mahukuntan da suka gaje su kuwa ba su matsa da shi gaba ba. Ƙetaren iyaka ma, dogon Kwatano a Faraku ya ƙare.

Jirgin sama fa? Akwai filin Sir Ahmadu Bello a Birnin Kebbi, amma tikiti guda sai ya lashe wa manomi buhunan shinkafa, wai don ya je Abuja ya ci abin da bai kai na gida ba!

Gara ya bi ta ƙasa. Ya kwana Birnin Kebbi, ya wuce Argungu ya ga gidan tarihi na Kanta, ya ci kifi son ransa, sannan Sakkwato don Hubbaren Shehu. Sai dai ya riƙa sammako, kada dare ya riske shi a hanya.