Ƙwai Ɗaya Ba Ya Isar Gida

Duk wanda ya ratsa Kuchigoro bayan magariba, ya bar babban titin da ke zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya kutsa lungunan gari, zai lura da wata al'ada da ta zame mana jiki, wato rataya ƙwan lantarki guda a tsakiyar silin, tamkar ɗakin barci da madafa da zaure duk hajarsu ɗaya ce. A ra'ayina wannan ƙarancin tadbiri ne, domin ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ba ya ƙara wa ɗaki zafi sosai a bazara, don haka ƙara yawan ƙwayaye a gida ba nauyi ba ne.

Na taɓa ganin wani ɗalibi yana tilawa bayan isha'i, ƙwan yana bayansa, inuwar kansa ta lulluɓe shafin, har ya karkace kamar mai leƙen rijiya, alhali da an sauko da fitilar gefen kafaɗarsa da ido ya huta. Uwargida mai tsintar shinkafa farin haske take bukata bisa faranti. Ɗakin barci kuwa, ruwan ɗorawa mai laushi ya wadatar.

Tun da yake wuta a nan ba ta da alƙawari, maslahar magidanci ita ce ya zauna da mai haɗa waya tun kafin a yi filasta, ya keɓe fitilun sola ga makewayi da dokin ƙofa, inda tsofaffi suka fi tuntuɓe in sun fito alwalar asuba.