Amanar Almajiri a Littafin Ahmadu Baba na Tambutu

Malaman makaranta da akawuna, ina so in jawo hankalinku ga wani littafi da na daɗe ina dubawa, watau Nailul Ibtihaji na Shehu Ahmadu Baba na Tambutu. Tarihin malaman Malikiyya ne, mutum wajen 800, kowa da nasa babi. Ya rubuta shi ne don ya cike abin da Ibn Farhun ya bari a cikin Dibaji, ya kuwa gama shi a 1596 a birnin Marrakush, yana zaman dole. Rundunar Maroko ta karya daular Songhai a 1591, aka kama malaman Tambutu a 1593, sa'an nan aka ƙetare hamada da su. Littattafansa 1,600 aka washe. Bai sake ganin garinsu ba sai 1608.

Gaskiya ba duk littafin ke da daɗin karatu ba. Babi da yawa ba kome ciki sai wane ya yi karatu wurin wane, ya wallafa kaza, ya rasu shekara kaza. Mu nan za mu so a ce ya daɗe kan Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da Aida Ahmad Tazakhti alƙalin Katsina, amma bai ba mu abin da zai ƙosar ba.

Inda alƙalaminsa ya sake sosai shi ne babin malaminsa, Muhammadu Bagayogo, wanda ya lazimta fiye da shekara 10. Nan sai ka ji kamar wani mutum ne dabam ke rubutu. Ya ba da labarin haƙurinsa da almajiri mai jinkirin fahimta, yadda zai yi ta maimaita masa karatu har na kusa su gaji, shi bai gaji ba. Ya faɗi yadda yake sulhunta jama'a. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne aron littafi. Ɗalibi yakan zo ƙofar gidansa ya roƙi littafi mai daraja, ya ɗauko ya ba shi alhali bai ko san shi ba. Ahmadu Baba da kansa ya taɓa neman littattafan nahawu wurinsa, malamin ya bincika taskarsa ya kawo masa duk abin da ya samu. A tuna fa zamanin nan da hannu ake kwafar littafi, guda ɗaya sai ya ci watanni.

Da na karanta wannan sai na tuna wata makaranta da na je dubawa. Na tarar da littattafai kulle a kabat, mabuɗi yana aljihun babban malami, wai kada yara su ɓata su. Da aka buɗe, ashe gara ta riga yaran. Ban ce a bar kayan makaranta ba lissafi ba, don ni ma ina sa hannu a rajista. Amma ra'ayina shi ne a juya wannan babi da Hausa, a karanta wa kowane ɗalibi a makarantar horon malamai kafin a ba shi aji.

Wani zai ce ai yabon almajiri ga malaminsa ba shaida ba ne. Haka ne, sai dai a dubi halin da aka yi yabon. Mai rubutun yana ƙasar waɗanda suka kama shi, wanda ake yabo ya riga ya kwanta dama, ba ladan da zai biya. Ahmadu Baba ya ce ranar da masifar nan ta auka musu suna tare, ganinsu na ƙarshe ke nan. Daga baya ne labari ya iske shi cewa malamin ya rasu wata Jumma'a cikin Shawwal, shekara ta 1002 ta Hijira, watau 1594. Allah Ya jiƙansu.